Matakan Zama Ƙwararren Likitan Dabbobin Wasanni a Ƙasar Amurka

Gabatarwa

A ranar 20 ga watan Mayu, 2006, an fito da wani doki mai suna Barbaro filin sukuwa na Pimlico da ke birnin Baltimore a ƙasar Amurka. Makonni biyu kafin wannan rana shi ne ya lashe gasar Kentucky Derby, wadda ta fi kowace gasar tseren dawaki suna a ƙasar, kuma har zuwa ranar ba a taɓa tsere masa ba. Da aka saki dawaki, bai yi nisa ba sai ƙafarsa ta baya ta dama ta karye a wurare da dama. Washegari likitocin asibitin dabbobi na New Bolton, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Pennsylvania, suka yi masa aiki, suka haɗa ƙasusuwan da ƙarfe da kusoshi fiye da 20. Karayar ta kama hanyar warkewa. To amma da yake dokin ya daɗe yana jibga nauyinsa a kan ƙafar hagu, sai naman da ke riƙe da kofato da ƙashi ya kumbura ya lalace. Daga baya ciwon ya kama ƙafafun gaba. A ranar 29 ga watan Janairu, 2007, ala tilas aka yi masa allurar da ta kawo ƙarshen wahalarsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ɗori daban, mayar da dabba kan ƙafafunta daban. Wannan aiki na biyu a yau ya zama fanni mai zaman kansa a likitancin dabbobi, da malamansa da jarrabawarsa da kuma takardar shaidarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda likita ke samun wannan shaida a Amurka, da abin da yake koyo kafin ya same ta, sannan a dubi kalmomin da ke iya tuntsurar da ɗalibin harshe idan ya zo fassara wannan batu zuwa Hausa.

Mene ne Wannan Fanni?

Fannin yana da rassa biyu da ke tafiya tare. Na farko shi ne kula da lafiyar dabbar da ake mora don ƙarfinta ko gudunta: dokin sukuwa, dokin ƙwallon dawaki, dokin tsallake shinge, karen tsere, karen 'yan sanda, karen da ke neman mutane a ƙarƙashin ginin da ya rufta, da karnukan da ke jan keken ƙanƙara a gasar Iditarod ta jihar Alaska, inda ake cin tafiyar kusan kilomita 1,600. Likitan wannan reshe yana duba horon dabba da abincinta da numfashinta da bugun zuciyarta, domin rigakafi ya fi magani.

Reshe na biyu shi ne maido da ƙarfin jiki bayan rauni ko tiyata ko ciwon laka, kwatankwacin abin da muke kira gashin ƙashi a asibitocin mutane. A nan ba sai dabba ta kasance 'yar wasa ba. Tsohon karen gida da ciwon gaɓoɓi ya hana shi hawa matattakala, shi ma majinyacin wannan likita ne.

Su Wa Ke Ba da Shaidar?

A Amurka jami'a ce ke ba da digirin likitan dabbobi, jiha kuma ta ba da lasisin aiki, amma shaidar ƙwarewa a wani fanni daga hannun abokan sana'a take fitowa. Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka, wato AVMA, wadda aka kafa a 1863, tana da hukumar da ke tantance ƙungiyoyin ƙwararru. Zuwa yanzu ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 20, kamar ta masu tiyata, da ta masu ciwon ido, da ta masu ciwon fata.

Ƙungiyar da ta shafi batunmu ita ce Kwalejin Likitancin Wasanni da Maido da Ƙarfin Jikin Dabbobi ta Amurka, wadda ake taƙaitawa da ACVSMR. Ta sami amincewar wucin gadi a 2010, sannan cikakkiyar amincewa a 2018. Ke nan jaririya ce idan aka kwatanta ta da ƙungiyar masu tiyata, wadda aka kafa tun 1965. Daga cikin sanannun malaman da ke ɗauke da shaidarta akwai Hilary Clayton, wadda ta yi fice a nazarin tafiyar doki a Jami'ar Jihar Michigan, da Wayne McIlwraith na Jami'ar Jihar Colorado, masanin ciwon gaɓoɓin dawaki, da Cynthia Otto, wadda ta kula da karnukan ceto bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ta kuma buɗe cibiyar nazarin karnukan aiki a Jami'ar Pennsylvania a 2012. Kwalejin ta kasu gida biyu, ɓangaren dawaki da ɓangaren karnuka, kuma mai neman shaida zai zaɓi ɗaya. Ƙasashen Turai su ma suna da tasu kwalejin mai kama da wannan, wato ECVSMR.

Matakan da Ake Bi

Mataki na farko shi ne digirin likitan dabbobi. A tsarin Amurka ɗalibi yakan fara yin karatun digirin farko, galibi na shekara 4, kafin ya nemi shiga makarantar likitancin dabbobi, inda zai ƙara wasu shekaru 4. Daga nan sai ya zauna jarrabawar neman lasisi da ake kira NAVLE. Wanda ya yi karatunsa a makarantar wata ƙasa da AVMA ba ta tantance ba, idan yana son lasisin aiki a Amurka, sai ya bi ta ɗaya daga cikin shirye-shiryen daidaita takardu guda biyu, ECFVG ko PAVE.

Mataki na biyu shi ne shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti, inda sabon likita ke zagaya sassa daban-daban: tiyata, ciwon cikin jiki, ɗaukar hoto, da sashen gaggawa. Akan karɓi gogewar aiki da ta yi daidai da wannan a madadinta. Hikimar ita ce, kada mutum ya tsunduma cikin lungu guda na sana'a alhali bai san gidan gaba ɗaya ba. Dokin da aka kawo saboda raguwar gudu, wataƙila ciwon nasa a huhu yake ko a tumbi, ba a ƙafa ba.

Mataki na uku shi ne zuciyar al'amarin, wato shekara 3 ta neman ƙwarewa a ƙarƙashin likitan da ya riga ya mallaki shaidar. Guraben ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu ana cike su ne ta wani tsarin haɗa masu nema da asibitoci mai suna VIRMP, inda ɗalibi ke jera asibitocin da yake so, asibitoci su ma su jera ɗaliban da suke so, kwamfuta ta haɗa. A tsawon waɗannan shekaru almajirin yana duba dabbobi a gaban malaminsa, yana rubuta bayanin waɗanda ya duba, yana kuma zama na wasu makonni tare da ƙwararrun fannonin da ke maƙwabtaka da nasa, irin su masu tiyata da masu fassara hoton cikin jiki. Ana bibiyar ci gabansa a kai a kai.

Mataki na huɗu shi ne bincike. Dole mai nema ya gudanar da nazari, ya rubuta sakamakonsa, a buga shi a mujallar ilimi wadda masana ke tace maƙalu kafin su fito. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci na musamman a wannan fanni, domin kasuwarsa cike take da na'urori da magunguna da masu sayarwa ke kurantawa. Ana son ƙwararre ya iya karanta bincike ya bambance abin da aka gwada aka tabbatar da abin da talla ce kawai.

Mataki na biyar shi ne jarrabawa. Masu iya magana na cewa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Sai kwamitin tantance takardu ya gamsu cewa an cika sharuɗɗan baya sannan a ba mutum damar zama. Akwai sashen da ya shafi ilimin da kowa ke bukata, kamar yadda tsoka da ƙashi da jijiya ke aiki da yadda suke warkewa, akwai kuma sashen da ya keɓanta da dabbar da mutum ya zaɓa, doki ko kare. Wanda ya ci, shi ne zai riƙa rubuta haruffan DACVSMR a bayan sunansa.

Idan mai karatu ya lissafa, zai ga shekara 4 da 4 da 1 da 3, jimla 12 ke nan bayan sakandare, in komai ya tafi daidai. Kuma ko bayan nan ba a naɗe tabarma ba. Takardun ƙwarewa da ake bayarwa daga 2016 suna da wa'adi, sai mai su ya nuna yana ci gaba da karatu da aiki a fannin kafin a sabunta masa.

Me Ake Koyo a Cikin Waɗannan Shekaru?

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne a cikin tausa da motsa jiki da har zai ci shekara 3? Bari mu ɗauki misalai kaɗan.

Jikin doki abin al'ajabi ne. Idan yana hutawa zuciyarsa na bugawa tsakanin sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, amma a tsakiyar sukuwa takan haura 200. Saifarsa rumbun jini ce: da ya fara gudu sai ta matse ta antayo jajayen ƙwayoyin jini cikin jiki domin ɗaukar iska. Ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma a sukuwa kowane tsalle guda yana tafiya da numfashi guda. Saboda tsananin matsin jini, ƙananan jijiyoyin huhunsa kan fashe, wani lokaci har a ga haɓo. Likitan da bai san waɗannan ba, ba zai gane abin da ya rage wa doki gudu ba.

Sai kuma ɗingishi, wanda shi ne babban abin da ke kawo doki wurin likita. Doki ba ya magana, don haka sai a sa a ja shi a tafiya da sassarfa, a miƙe da kuma a zagaye, a kan ƙasa mai tauri da mai laushi. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, dokin kan ɗaga kai sama duk lokacin da ya taka ƙafar mai ciwo. Likitocin dawakin Amurka suna auna ɗingishi da ma'auni daga 0 zuwa 5, inda 5 ke nufin dabbar ba ta ko iya taka ƙafar. Don gano ainihin wurin, akan yi allurar kashe zafi daga kofato a riƙa hawa sama, har a kai inda ɗingishin ya ɓace. Daga nan sai hoto.

Babban gwajin haƙurin likita da na mai doki shi ne raunin jijiyar da ke bayan ƙwaurin ƙafar gaba. Idan ta tsage, jiki kan cike gurbin da tabo, shi kuwa tabo bai kai asalin jijiya ƙarfi da talewa ba. Tarkon a nan shi ne, doki kan daina ɗingishi bayan 'yan makonni, alhali jijiyar na bukatar wata 9 zuwa 12 kafin ta yi ƙwari. Wanda ya ɗaura sirdi da wuri, zai mayar da hannun agogo baya. Wanda kuma ya bar dokin a turke ba motsi, zaren jijiyar zai warke a cukurkuɗe. Maganin shi ne motsi a kan ma'auni: a fara da jan doki da hannu na 'yan mintoci a kullum, a riƙa ƙarawa, a shiga sassarfa, sannan ƙaramar sukuwa, kuma kafin kowane ƙari sai an ɗauki hoton jijiyar an ga halin da take ciki. Sanin lokacin da za a ƙara da lokacin da za a dakata, shi ne ƙwarewar.

A ɓangaren karnuka, raunin da ya fi yawa a ƙafar baya shi ne tsinkewar jijiyar cikin gwiwa. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin gyaranta ita ce tiyatar TPLO, wadda likita Barclay Slocum ya ƙirƙiro, inda ake yanka kan ƙashin ƙwauri a juya shi a ɗaure da ƙarfe. Bayan aikin sai cinya ta rame saboda rashin taka ƙafa. Likita zai riƙa auna kaurin cinyar da awon tela, ya auna lanƙwasar gwiwa da ma'aunin kusurwa, ya sa karen ya bi ta kan faranti mai auna nauyin da kowace ƙafa ke ɗauka. Akwai kuma na'urar tafiya a wuri guda da ake sakawa cikin akwatin ruwa. Bincike ya nuna idan ruwan ya tsaya a idon sawu, kare na ɗauke da kashi 91 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya kai gwiwa, kashi 85. Idan ya kai ƙugu, kashi 38 kacal. Da haka likita zai riƙa rage ruwan sannu a hankali, yana mayar wa ƙafar da nauyinta gwargwadon yadda take warkewa.

Har ila yau akwai batun zafi. Kafin wasannin Olamfik na 1996 a birnin Atlanta, an yi fargabar yadda dawaki za su jure zafi da gumin garin. Binciken da aka yi a lokacin ya tabbatar da cewa kwarara wa doki ruwan sanyi a kai a kai bayan gudu ita ce hanya mafi sauri ta sauke zafin jikinsa, kuma ba ta sa tsoka ta ɗaure kamar yadda mahaya suka daɗe suna zato.

Takardun da Ke Kama da Ita

Akwai gajerun kwasa-kwasai na gashin ƙashin dabbobi da ke ba da takardu irin su CCRP, wadda ta samo asali daga Jami'ar Tennessee, da CCRT. Karatu ne mai amfani, kuma wasu daga cikinsu na karɓar masu gashin ƙashin mutane ko mataimakan likita. Sai dai karatun makonni ne ko watanni, ba na shekaru ba. Dokokin ɗa'ar aiki na AVMA sun keɓe laƙabin ƙwararre ga wanda ya sami shaidar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka amince da su. Don haka mai fassarar da ya kira duka biyun “ƙwararre mai takardar shaida”, ya haɗa gwani da ɗan koyo a tabarma guda, kuma mai dabba ne zai kwana a ciki.

Tarkon Fassara

A nan ne batun ya iso ƙofarmu, mu ɗaliban harshe. Ga kalmomi biyar da ke bukatar lura.

Ta farko ita ce “kwaleji”. Bahaushe in ya ji ta, makaranta yake hangowa da azuzuwa da ɗalibai. Ita kuwa wannan kwaleji ba ta da aji ko ɗaya. Taron ƙwararru ce da ke tsara sharuɗɗa da jarrabawa, karatun kuma a asibitoci ake yin sa. “Majalisar ƙwararru” ta fi kusa da ma'anar.

Ta biyu ita ce sunan da Turawa ke kiran wanda ya ci jarrabawar, wanda furucinsa ya yi kama da “difloma” da kuma “diflomasiyya”. A wurinmu difloma tana ƙasa da digiri, don haka wanda ya ce “mai difloma a likitancin wasanni” ya sauke mutumin daga ƙololuwa zuwa gindin tsani. Wanda kuma ya ce “jami'in diflomasiyya” ya mai da shi jakada. Abin da ya dace shi ne “tantantaccen ƙwararre” ko “ɗan majalisar ƙwararru”.

Ta uku ita ce sunan likitan da ke cikin shekaru ukun nan. Kalmar Ingilishin ita ce dai wadda Hausa ta ara tun zamanin mulkin mallaka ta mai da ita “Razdan”, wato Baturen da ke mulkin lardi. Asalinta “mazauni”, domin a da irin waɗannan likitoci a cikin asibiti suke kwana. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun riga sun warware wannan da “likita mai neman ƙwarewa”, kuma ya kamata a riƙe ta.

Ta huɗu ita ce kalmar da muka fassara da “maido da ƙarfin jiki”. A labarai akan fassara ta da “gyaran hali” idan ana maganar masu shaye-shaye, ko “gyara” idan hanya ce ko gini. Babu wadda ta dace da doki. “Gashin ƙashi” ta fi saurin shiga kunne, amma tana sa a zaci ɗumi ne maganin, alhali mun ga cewa motsi a kan ma'auni ne ginshiƙin aikin.

Ta biyar tamu ce ta gida, wato “jijiya”. Da ita muke kiran hanyar jini, da mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da mai haɗa tsoka da ƙashi irin agara, da mai haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa. Likita yana da suna daban ga kowace, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Tilas mai fassara ya ƙara bayani: jijiyar jini, jijiyar saƙo, jijiyar tsoka, jijiyar gaɓa.

Mu Fa a Nan Gida?

Nijeriya ƙasar dawaki ce. An kafa kulob ɗin ƙwallon dawaki na Legas tun 1904, ana kuma buga wasan a Ibadan da Fatakwal da Kaduna da Kano da Katsina. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Matsalolin da aka ambata a sama ba baƙi ba ne a bargojinmu. Akwai ciwon da Turawa suka laƙaba wa sunan safiyar Litinin, wanda ke kama dokin da ya huta yana cin hatsi ya ƙoshi, sannan aka tashe shi aiki mai tsanani farat ɗaya: tsokar cinya ta ɗaure, ya jiƙe da gumi, fitsarinsa ya yi duhu. Duk wanda ya bar doki a turke wata da watanni, sai jajibirin salla ya fito da shi sukuwa da zamiya a kan kwalta, ya buɗe wa wannan ciwo ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kilisar da iyayenmu suka riƙe da yamma horo ne irin wanda likitocin wasanni ke koyarwa.

Ta fuskar karatu, ɗalibi a nan yakan yi shekara 6 a jami'a, kamar a Ibadan ko Zariya ko Nsukka, ya yi rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Mai son zurfafawa yana iya neman zama ɗan Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wadda ita ma majalisar ƙwararru ce irin wadda muka bayyana.

Kammalawa

Mun ga cewa wannan shaida ba a samunta da halartar kwas. Abokan sana'a ne ke bayar da ita bayan digiri, da shekarar sanin makamar aiki, da shekara 3 a gaban malami, da bincike, da jarrabawa. Mun kuma ga dalilin tsawon hanyar: majinyacin ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma kuskuren mako guda na iya rushe jinyar shekara. Abin da ya rage gare mu ɗaliban Hausa shi ne mu samar da kalmomin da za su isar da wannan ilimi ga shamaki da mai barga da mahayi ba tare da an tauye shi ba. Shawarwarin da aka kawo a nan somin taɓi ne, kuma fili a buɗe yake ga duk wanda ke da waɗanda suka fi su.